Wa Zai Tuna wa Wanda Ya Manta? Ɗawainiyar Masu Gigin Tsufa a Kaduna

Bahaushe bai rasa sunan da zai kira halin da wasu tsofaffi kan shiga ba idan tunaninsu ya fara rikicewa. Wani ya ce gigin tsufa, wani ya ce ruɗewa, wani kuma ya sakaya saboda kunya ya ce tsufa ya kama Baba, ko kuwa Inna ta koma yarinya. Daga baya gidajen rediyo da jaridu suka shigo da cutar mantuwa domin fassara kalmar likitoci, wato dimenshiya. Mai nazarin harshe zai lura da cewa sunayen gargajiyar duk sun jingina lamarin ga tsufa ne, ba ga ciwo ba. Abin da aka ɗauka tsufa ne kuwa ba a kai shi gaban likita, haƙuri ake yi da shi har rai ya yi halinsa. Shi kuma sabon sunan ya yi wa ciwon kaɗan, domin kowa yana mantuwa, har akan yi wa mutum laƙabi da mantau cikin raha. Wanda ya manta inda ya ajiye makullinsa daban, wanda ya riƙe makullin a hannu bai san amfaninsa ba daban.

A wurin masana kiwon lafiya, dimenshiya suna ne da ya tattara cututtuka da dama masu lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har su raba mutum da tunawa da lissafi da magana da gane hanya, daga ƙarshe su raba shi da iya kula da kansa. Wadda ta fi yawa ita ce cutar Alzaima, wadda ta samo sunanta daga likitan Jamus Alois Alzheimer da ya fara bayyana ta a shekarar 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu wannan larura. Akwai kuma wadda ke biyo bayan toshewa ko fashewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, 'yar'uwar hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, ciwukan da babu unguwar da ba ta san su ba a ƙasar Hausa. Hukumar ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da dimenshiya a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Tsufa ke kusantar da mutum ga ciwon, amma ba shi ne ciwon ba, kuma yawancin tsofaffi kan kai ƙarshen rayuwarsu da hankalinsu garau.

A Nijeriya, binciken haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiyana ta Amurka, wanda aka fara a 1992, ya samu kashi 2.29 cikin ɗari a tsakanin 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan. Wani binciken da likitoci suka gudanar a Zariya, aka buga a 2011, ya samu kashi 2.79. A 2019 wasu masana suka harhaɗa sakamakon bincike-binciken da aka yi a ƙasar, suka ƙiyasta cewa masu larurar sun ƙaru daga kimanin dubu 63 a 1995 zuwa kimanin dubu 318 a 2015. Kason ƙarami ne a ido, sai dai kowane mutum ɗaya a cikinsa yana jawo gida guda cikin ɗawainiya ta shekaru.

Lamarin ya fi tsanani a gari irin Kaduna saboda tarihinta. Kaduna ba kamar birnin Kano ko Zariya take ba, inda mutum kan tsufa a gidan da aka haifi kakansa, 'yan'uwa na kewaye da shi gabas da yamma. Turawan mulkin mallaka ne suka zaɓi wurin, suka dawo da hedikwatarsu nan daga Zungeru a 1917, ta kuma ci gaba da zama hedikwatar Jihar Arewa har zuwa 1967. Aiki ne ya tara jama'arta: ma'aikatan gwamnati da sojoji da 'yan reluwe da malaman makaranta, sai kuma ma'aikatan masaƙa bayan da aka buɗe ta farko a Kakuri a 1957. Samarin da suka zo cin aiki a shekarun 1960 da 1970 su ne dattawan Unguwar Rimi da Malali da Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa a yau. Danginsu na Katsina ko Borno ko Ilori, 'ya'yansu kuma aiki ya kai wasu Abuja, wasu Legas. Bugu da ƙari, rikice-rikicen 2000 da 2002 sun tilasta wa dubban iyalai sauya matsuguni daga wannan gefen kogi zuwa wancan, maƙwabtan shekara talatin suka rabu. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne ga mai gigin tsufa, domin sanannen lungu da sananniyar fuska su ne sandar da yake dogarawa idan tunani ya fara gaza masa.

Kafin a shiga lissafin ofisoshi, ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda. Kowane asibiti da kowane ofishin gwamnati an tsara shi ne bisa zaton cewa mai neman taimako ya san kansa. Shi zai faɗi sunansa, ya nuna katinsa, ya bayyana abin da ke damunsa, ya tuna ranar da aka ce ya dawo, ya kuma kai wa wannan likita labarin abin da wancan ya faɗa. Mai ciwon ƙafa ko mai ciwon suga yana iya duk wannan, shi ya sa ba a cika lura da cewa ofisoshin ba sa magana da juna ba. Mara lafiya ne manzonsu, shi ke ɗaukar saƙo daga ƙofa zuwa ƙofa a ƙwaƙwalwarsa da aljihunsa. Gigin tsufa kuwa manzon yake fara kayarwa. Da zarar ya faɗi, sai ɓarakar da ke tsakanin ofisoshin ta fito fili.

Ƙofofin kuma suna da yawa, kowace da ubangidanta. Bisa tsarin Nijeriya, kiwon lafiya a matakin farko na ƙananan hukumomi ne tare da hukumar jiha mai kula da shi, manyan asibitoci na jiha ne, asibitocin ƙwararru kuma akasari na gwamnatin tarayya. A arewacin Kogin Kaduna akwai ƙananan asibitocin unguwanni, akwai Babban Asibitin Kawo da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, wanda tsofaffin gari ke kira Nasin Hom, dukkansu na jiha. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kunne ta Ƙasa, na tarayya, akwai Asibitin Sojoji na 44. Babban asibitin da aka keɓe domin cututtukan ƙwaƙwalwa kuwa, wanda shi ma na tarayya ne, yana Barnawa, a ƙetaren kogi. Duk wanda ya ga wannan jeri zai ce Kaduna ta fi garuruwa da yawa gata, kuma gaskiya ne. Sai dai kowane asibiti da katinsa da fayil ɗinsa da ranar ganin likitansa, ba kuma al'ada ba ce fayil ya bi mara lafiya daga wannan zuwa wancan.

A ɗauki misalin tsohon hedimasta mai shekara saba'in da 'yan kai, mazaunin ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni, irin wanda ba a rasa ba a kowane layi. Alamar farko ba ta kai kowa asibiti. Yana maimaita tambaya, yana cewa an ɗauke masa kuɗi, alhali shi ya ɓoye su a ƙarƙashin katifa. Iyali sukan ce rigimar tsufa ce. Ranar da ya fita sallar asuba bai dawo ba, sai da hantsi wani mai Keke Napep ya tsince shi a bakin kasuwa yana tambayar hanyar garinsu, ranar ce hankali ke tashi. A nan ma harshe ya riga likita ba da amsa, domin Bahaushe yana da sunan abin da ke sa mutum ya bar gida ya shiga duniya ba dalili, wato kurciya. Saboda haka ƙofar farko takan zama ta mai ruƙiya ko mai maganin gargajiya, ta biyu ta mai kemis, wanda zai ba da maganin barci. Idan kuwa tsohuwa ce, musamman wadda ba ta da ɗa a kusa, takan gamu da abin da ya fi wannan muni: maganganunta na ruɗewa su zama hujjar masu zarginta da maita.

Idan an kai ga asibiti, akwai wani tarko da al'ada ta ɗana ba da niyya ba. Gaisuwa tana daga cikin abubuwan da ke daɗewa ba su goge ba a bakin mai wannan ciwo, domin harshe ya haddace ta tun yarinta, ba ta bukatar sabon tunani. Likita zai ce, "Baba, ina kwana, yaya ƙarfin jiki?" Tsoho ya amsa, "Lafiya lau, ɗana, alhamdu lillahi. Yaya aiki, yaya iyali?" Duk wanda ya ji wannan zai rantse hankalinsa ɗaya. 'Yarsa da ta rako shi tana tsaye a gefe, kunya da ladabi sun hana ta ƙaryata mahaifinta a gaban baƙo, balle ta ce ya fara fitsarin kwance ko jiya ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Likitan da layi ke jiransa a waje zai auna jini, ya ga ya hau, ya rubuta magani, ya sallame su. Bai yi kuskure a kan abin da ya gani ba. Abin da bai gani ba yana bakin 'yar, tsarin kuma bai tanadi minti biyar da za a gana da ita ita kaɗai ba.

Ko da likita ya yi zargin ciwon, awonsa ma yana da matsalar harshe. Shahararren gwajin tunani da aka wallafa a Amurka a 1975 yana tambayar kwanan wata, yana sa mutum ya riƙa ɗebe 7 daga 100, ya karanta jimla, ya rubuta wata. Hedimasta zai iya cinye shi ko da ciwon ya fara, saboda boko ya ratsa shi. Tsohuwar da ba ta shiga aji ba, wadda ke lissafin shekara da watan azumi da na salla, take lissafin yini da azahar da la'asar, tana iya faɗuwa alhali lafiyarta ƙalau. Wannan ne ya sa masu binciken Ibadan suka yi amfani da gwajin da ke haɗawa da tambayar wani makusancin tsohon. Fassara irin waɗannan gwaje-gwaje zuwa Hausa aiki ne da ya shafi masana harshe kamar yadda ya shafi likitoci, domin fassarar kalma da kalma ba ta wadatarwa. Awon kuwa dole ne, saboda ba kowace ruɗewa ce dimenshiya ba. Zazzaɓi ko ciwon mafitsara kan rikita tsoho cikin kwana ɗaya ko biyu, ya warware idan an yi magani. Haka ma ciwon damuwa da matsalar maƙoƙo da ƙarancin sinadarin B12 kan yi kama da ita, kuma duk suna jin magani.

Daga nan sai takardar turawa zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa, a nan ne kuma iyalai da yawa ke tsayawa. Tazarar ba ta da yawa, gada ce kawai a tsakani. Abin da ke da nauyi shi ne sunan da jama'a suka laƙaba wa irin wannan asibiti. Yaya za a ji cewa 'ya'yan Malam sun kai shi asibitin mahaukata? Wa zai auri jikarsa? Har zuwa farkon 2023, lokacin da aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, dokar da ke aiki a ƙasar ita ce ta 1958, wadda asalinta na 1916 ne, kuma da sunan mahaukata ta san masu larurar. An sauya doka, amma bakin mutane bai sauya da sauri haka ba. Waɗanda suka daure suka je kuma sukan tarar da ƙarancin ma'aikata, domin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200.

Ranar da likita ya tabbatar da sunan ciwon, yawancin aikin asibiti ya ƙare, aikin gida ya fara. Magungunan da ake da su, irin su donepezil da memantine, suna iya sassauta alamomi na wani lokaci, ba sa warkarwa. Abin da ya rage shi ne wanka da tsarki da ciyarwa, da gadin ƙofa, da zaman dare, domin masu ciwon sukan fi rikicewa daga faɗuwar rana. Wannan ɗawainiya tana iya kai shekara biyar ko goma, kuma kusan kullum a kan mace take faɗawa: matar da ita ma ta tsufa, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗa. Ita ce ke riƙe da baƙar leda cike da katuna, na ido daban, na hawan jini daban, na ƙwaƙwalwa daban. Ita kaɗai ta san cewa maganin barcin da aka saya a kemis yana sa shi tangaɗi, likitan da ya rubuta na hawan jini kuwa bai san ana sha ba. Ita ce ta maye gurbin manzon da ya faɗi, ba tare da horo ko albashi ko ranar hutu ba. Idan ta kwanta ciwo, duk abin da aka sani game da tsohon ya kwanta tare da ita.

A ƙa'ida, nan ne ya kamata ɓangaren walwalar jama'a ya karɓa daga hannun ɓangaren lafiya. Jihar Kaduna tana da ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a, wadda sunanta kan sauya daga gwamnati zuwa gwamnati, ƙananan hukumomi ma suna da ofisoshin walwala. Amma abin da talaka ya san ofishin walwala da shi shi ne rikicin aure da marayu da yaran da aka tsinta. Da wuya ya faɗo wa iyali a rai cewa tsohon da ke ɓata yana da haƙƙi a can. Manyan asibitoci suna da jami'an walwala, sai dai yawancin lokacinsu kan tafi ne wajen nema wa marasa ƙarfi sauƙin kuɗin magani, hurumin nasu kuma bai cika wuce ƙofar asibiti ba. A matakin tarayya an yi dokoki masu kyau. An sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da Manufar Ƙasa kan Tsufa. A 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya wadda ta tanadi asusu domin masu rauni, ciki har da tsofaffi, Jihar Kaduna kuma ta kafa tata hukumar inshorar, KADCHMA, da dokar 2018. To, amma an sanya cibiyar dattawa a ƙarƙashin ma'aikatar jinƙai, dokar ƙwaƙwalwa da inshora a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, hukumar fanshon tsohon tsari kuma a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi. Tsoho ɗaya ne, an raba shi gida uku tun daga Abuja. Ita inshora kuma kuɗin ganin likita da na magani ta sani, ba ta san kuɗin mai zaman dare ba.

Sha'anin kuɗi ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne zumunci ya fi lalacewa. Fansho na bukatar tantancewa lokaci-lokaci, a tabbatar mai shi yana raye. Banki na bukatar lambar BVN, wadda aka fara a 2014, da sa hannu irin na da, da lambar sirri ta katin cirar kuɗi. Duk waɗannan an yi su ne domin maganin ɓarayi da 'yan fanshon bogi, kuma suna da amfani. Amma tsohon da hannunsa ke rawa, wanda ya manta lambar sirrinsa, wanda ke tsorata da taron jama'a, shi ne ya fi kowa kama da ɗan bogi a idon na'ura. Abin da iyalai kan yi shi ne su miƙa katin ga ɗaya daga cikin 'ya'ya, ba takarda, ba shaida. Idan mai amana ne, to. Idan ba shi ba ne, babu wanda zai sani sai bayan rasuwa, ranar rabon gado. Fiƙihun Musulunci ya tanadi babin hajru, wato alƙali ya hana wanda hankalinsa ya gushe sarrafa dukiyarsa, ya naɗa mai kula masa da ita, dokar zamani ma tana da hanyar naɗa mai kula. Duka biyun suna bukatar shaidar halin da mutum ke ciki, wadda ke hannun likita. Likita bai ɗauki kotu a matsayin aikinsa ba, kotu ba ta san da maganar ba sai an kai ƙara, iyali kuma suna ganin kai mahaifi gaban alƙali abin kunya ne.

Kada mai karatu ya zaci talauci kaɗai ke haifar da wannan. A Ingila, tun 1948 aka raba gari: kiwon lafiya kyauta a ƙarƙashin hukumar ƙasa, kula da tsofaffi kuma a hannun ƙananan hukumomi, inda ake duba ƙarfin aljihun mutum kafin a taimaka masa. Mai ciwon daji yana samun jinya kyauta, mai dimenshiya kuwa yana iya cinye dukiyarsa wajen biyan masu kula da shi, kuma gwamnatoci sun shafe shekaru suna neman ɗinke wannan ɓaraka. Japan ta bi wata hanya. A 2000 ta fara inshorar kula da tsofaffi, ta kuma ƙirƙiro jami'i wanda aikinsa shi ne tsara wa kowane tsoho hidimominsa. A 2004 gwamnatin ƙasar ta sauya sunan ciwon a hukumance, domin tsohon sunan yana ɗauke da ma'anar wauta, abin da ya kamata masu ƙirƙirar kalmomin Hausa su yi tunani a kai. Sikotlan kuma ta yi alƙawari tun 2013 cewa duk wanda aka tabbatar yana da ciwon za a haɗa shi da jami'i guda sananne, wanda zai bi lamarinsa na aƙalla shekara ɗaya. Dukiyar waɗannan ƙasashe ba abar kwaikwayo ba ce a nan. Abin ɗauka shi ne dabarar: mutum guda mai suna, wanda iyali suka san lambarsa, shi kuma ya san duk ƙofofin.

Kaduna ba ta rasa kayan haɗa irin wannan ba. Jihar tana da mazaɓu 255, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya ta matakin farko. Jami'an waɗannan cibiyoyi sun saba shiga gida-gida saboda rigakafi da awon ciki. Littafin jagora na mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010, domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, yana da babi a kan dimenshiya. Wanda ya iya bin diddigin jariri har ya kammala allurai zai iya bin diddigin tsoho, idan an koya masa, an kuma sa aikin cikin abin da ake tambayarsa rahoto a kai. Haka kuma, rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon, ciki har da hawan jini da ciwon suga da ƙarancin ilimi da raunin ji da raunin gani. Garin da cibiyar ido da ta kunne ta ƙasa baki ɗaya ke cikinsa bai kamata tsoho ya zauna da yanar ido ko toshewar kunne ana ce masa ya ruɗe ba.

A wajen gwamnati ma akwai hannaye. Cigiya a gidan rediyo tsohuwar al'ada ce a Kaduna, mai unguwa shi ne wanda ake fara kai wa ɓatacce, 'yan agaji na masallatai da Zumuntar Mata na majami'u sun saba da dubiya. Waɗannan su ne hidimar walwala ta haƙiƙa da yawancin gidaje suka sani. Raunin da suke da shi shi ne ba su san ciwon da sunansa ba, asibiti kuma bai san da su ba. Limamin da ya fahimci cewa tsohon da ke shigowa sallar azahar sau uku ciwo ke damunsa zai hana yara yi masa dariya, zai kuma san gidan da zai aika. Takarda 'yar ƙarama a aljihun riga, mai sunan tsoho da unguwarsa da lambar wayar ɗansa, ta fi cigiyar kwana uku sauƙi.

Malamin makaranta yana da nasa kason, ko ya sani ko bai sani ba. A ajinsa akwai yarinyar da ke gyangyaɗi saboda ita ke kwana da kakarta, akwai yaron da ke fashi ran Talata saboda shi ke raka kakansa asibiti. Bulala ba ta gano wannan, tambaya ce ke gano shi. A darasin Hausa ne kuma yara ke koyon kalmar da za su kira irin wannan tsoho da ita, ko mahaukaci, ko maye, ko mara lafiya. A unguwanni da yawa malami ne ake kawo wa takarda ya karanta, saboda haka shi ne zai iya ba iyali shawarar su sayi littafin rubutu guda, su riƙa shigar da komai a ciki: sunan kowane magani da wanda ya rubuta shi, ranar komawa kowane asibiti, ranar da tsoho ya faɗi ko ya ɓata, kuɗin da aka cira da abin da aka yi da su. Littafin ya bi tsohon duk inda za shi, a roƙi kowane likita ya duba shafin baya kafin ya rubuta nasa. Ba zai maye gurbin jami'i ba, amma idan mai jinya ta kwanta, wadda ta karɓe ta za ta san inda aka tsaya.

Shi kansa jami'in da zai haɗa ƙofofin, ranar da aka tashi samar da shi, tambayar farko da za ta taso ita ce wa zai biya albashinsa. Ma'aikatar lafiya za ta iya cewa wanka da fansho da kotu ba aikinta ba ne, ma'aikatar walwala ta ce ciwo na likita ne, ƙaramar hukuma ta ce ba ta da kuɗi, kowace kuma tana da hujja a dokar da ta kafa ta. Kasafin kuɗin jiha ma'aikata-ma'aikata ake rubuta shi, kowace da nata shafi, aikin wannan jami'i kuwa ya ratsa aƙalla shafi uku.